Yadda na yi wa darussan tarihin kuɗin Faransa katin shaida

Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wata makarantar lise a Maradi. A babban hutun bara, mu malaman fannin muka yi shawarar tara darussanmu wuri guda a cikin kwamfutar ɗakin karatu, ta yadda ɗalibi zai zo da wayarsa ya kwafi abin da yake so ko da babu intanet. Aka raba aiki. Wani ya ɗauki yaƙe-yaƙen duniya, wani ya ɗauki Borno da Sakkwato, ni kuwa na ce a bar mini tarihin kuɗin Faransa, tun daga haihuwar faran har zuwa Yuro. Dalilina a fili yake. Sefar da ke aljihun kowane yaro a ajina daga wannan tarihi ta fito, amma littafin da muke koyarwa da shi 'yan layuka kaɗan ya ba ta.

Da na gama rubutu na kai wa Hajiyar da ke kula da ɗakin karatu, wadda ta yi horon tsara littattafai. Ta buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ta karanta, sannan ta ce, "Malam, darussa sun yi, Allah ya saka. Amma ba zan zuba su haka ba. Kowanne sai an yi masa kati." Katin da take nufi shi ne abin da masana ke kira metadata: bayanin da ke faɗin mene ne wannan fayil, wa ya yi shi, da wane harshe, don wane aji, wa ke da haƙƙinsa. Kamar dai rubutun da ake yi a jikin buhu a tasha ne, sunan mai kaya da garin da za a sauke. Komai kyan abin da ke ciki, in babu rubutun nan, buhu ba ya isa hannun mai shi.

Abin yana da ƙa'idoji na duniya, kuma Hajiya ta zaunar da ni ta bi da ni ta cikinsu. Mafi sauƙi ita ce Dublin Core, wadda aka soma tsarawa a wani taro a garin Dublin na jihar Ohayo a Amurka a 1995. Gurabe 15 ne kacal: suna, mawallafi, batu, taƙaitaccen bayani, harshe, kwanan wata, haƙƙin mallaka da makamantansu, kuma an yi ta ne don kowane irin abu, littafi ko hoto ko murya. Don kayan koyarwa kuwa akwai LOM, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 2002. Ita babi 9 gare ta, a ciki har da babin fasaha, da babin koyarwa, da babin alaƙar darasi da wani darasi, har ma da babin da ke bayanin katin kansa, wato wa ya cike shi kuma yaushe. Faransawa suka ɗauki LOM suka daidaita ta da makarantunsu, hukumar ƙa'idojinsu AFNOR ta fitar da LOMFR a 2006, daga baya aka yi mata reshen jami'a mai suna SupLOMFR da na makarantun ƙasa da jami'a mai suna ScoLOMFR. Hajiya a kan LOMFR ta yi horonta, sunayen azuzuwanmu kuma irin nasu ne, saboda haka ita muka bi.

Darasin farko bai ja mu ba. Ingilishi sun kama Sarkin Faransa Jean na Biyu a yaƙin Poitiers a 1356, aka yanka masa fansar tsabar zinariya miliyan 3, kuma a 1360, ana cikin neman kuɗin nan, aka buga tsabar farko mai suna faran, da hoton sarki bisa doki takobi a zare. Suna, harshe, wuri, zamani, duk muka cike a zama ɗaya. Abin da ya faranta mini rai tun a nan shi ne gurbin suna yana karɓar harshe fiye da ɗaya. Na rubuta da Faransanci na sa alamar fr, na sake rubutawa da Hausa na sa alamar ha, na'ura ta karɓi duka biyun ba gardama.

Darasi na biyu ya haɗa faɗuwa biyu da suka sa Faransawa suka daɗe suna tsoron takardar kuɗi. Ta farko ita ce ta John Law, mutumin Sikotland da ya buɗe banki a Paris a 1716, ya buga takardun kuɗi, ya ɗaura su a kan hannun jarin wani kamfani da aka ce zai kwaso arzikin Luwiziyana. Farashin jari ya yi ta hawa, har 1720 da jama'a suka yi ca a ƙofar banki suna neman a mayar musu da tsabarsu, ba a samu ba. Ta biyu ita ce ta takardun assignat na zamanin juyin juya hali, waɗanda aka soma fitarwa a ƙarshen 1789 da jinginar filayen coci da gwamnati ta ƙwace. Aka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa don biyan yaƙi, darajarsu ta zube, har a watan Fabrairun 1796 aka lalata kayan buga su a bainar jama'a a Paris.

Na samo hoton ɗaya daga cikin takardun nan a Gallica, rumbun intanet na babban ɗakin karatun Faransa. Na daɗe ina kallonsa a kan allon kwamfuta. Takarda ce ƙarama, fuska ɗaya aka buga, da ado a gefe-gefe, kuma a cikin adon an rubuta cewa doka na hukunta mai buga jabu da kisa, ƙasa kuma na saka wa wanda ya tona shi. Gwamnati tana barazanar kisa ga mai jabu, alhali injinta ne ke cinye darajar kuɗin dare da rana. Wannan hoto kaɗai ya isa darasin awa guda. Ni da so na a manna shi cikin rubutu a wuce. Hajiya ta ce a'a, hoton ba nawa ba ne, katinsa daban. Babin haƙƙi tambaya uku yake yi: ana biya ko kyauta ne, akwai sharaɗi ko babu, in akwai mene ne shi. Sharaɗin Gallica shi ne a yi amfani kyauta muddin ba ciniki za a yi da abin ba, kuma a ambaci inda aka samo. Muka rubuta haka a katin hoton. Rubutuna kuwa muka sa masa lasisin Creative Commons wanda ya yarda kowane malami ya kwafa ya gyara, in dai zai faɗi asalinsa. Sannan muka ɗaure katunan biyu a babin alaƙa.

Inda na fara jin nauyin aikin shi ne darasin faran na Germinal. Bonaparte ya kafa Bankin Faransa a 1800, a 1803 kuma aka yi dokar da ta tsayar da faran a kan giram 5 na azurfa, kashi 9 cikin 10 tsantsa, aka kuma ce zinariya ta ninka azurfa sau 15 da rabi. Wannan ma'auni ya tsaya cik har 1914, fiye da shekara ɗari, har Beljiyam da Italiya da Suwizalan suka haɗa kai da Faransa a kansa a 1865. To, wane kwanan wata za a rubuta? Dokar da kalandar juyin juya hali aka yi ta, wadda ta soma ƙirga shekara daga 22 ga Satumba 1792, ta kuma sake wa watanni suna. Wasu littattafai suna cewa 7 ga Germinal shekara ta 11, wato 28 ga Maris 1803. Wasu suna cewa 17 ga Germinal, wato 7 ga Afrilu. Gurbin kwanan wata kuwa tsari ɗaya ya sani, shekara, wata, rana, kamar 1803-03-28.

Hajiya ta ɗauki alli ta ja layi uku a kan allo. Ta ce akwai ranar da abin ya faru, akwai ranar da aka buga takardar da muke nunawa, akwai ranar da muka yi fayil ɗinmu, kuma kowacce da gidanta. Ranar fayil tana babin rayuwar darasi. Ranar takarda tana katin takardar. Zamanin da darasi ke magana a kai yana gurbin da aka ware wa wuri da zamani, shi kuwa rubutu ne sake, kana iya faɗin abin da ka ga dama. A nan na rubuta ranakun biyu, da kalandar biyu. Tun daga ranar nake ganin amfanin rarraben nan ko a cikin aji, domin rabin ruɗanin ɗalibai a jarrabawa daga nan yake zuwa, su ɗauki ranar da aka rubuta labari a matsayin ranar da abin ya auku.

Babin koyarwa ya zo da nasa. Ana tambayar shekarun ɗalibi, da tsawon lokacin da darasi zai ci, da wahalarsa a mataki biyar, daga mai sauƙi ƙwarai zuwa mai wuya ƙwarai. Wanda ya tsara gurbin yana hangen ajin ƙarshe na lise cike da 'yan shekara 17 da 18. A nawa ajin akwai waɗanda suka haura ashirin, akwai matan aure, akwai wanda ya bar karatu ya yi tireda ya dawo. Na faɗaɗa shekarun yadda suke a zahiri. Lokaci ma na ninka shi, domin abin da ake gamawa cikin awa ɗaya da ɗalibai talatin ba ya gamuwa da ɗalibai saba'in da littafi ɗaya a tebur. Akwai wani gurbi da ke tambayar yawan ma'anar da aka cusa a cikin darasi, shi muka bar shi fayau, tunda ba kowane gurbi ne dole ba, kuma amsar da aka ƙaga don cike wuri ɓatar da mai nema take yi. Gurbin girman fayil kuwa, wanda wani zai raina, shi na fi kula da shi. Yawancin wayoyin yaranmu a cike suke, wasu ma ta uba ce aka aro. In yaro ya ga mega nawa darasi zai ci kafin ya taɓa, ya san abin da zai share.

Gardama ta gaske a kan darasin 1928 ta tashi. Bayan yaƙin duniya na farko faran ya raunana, Raymond Poincaré, shugaban gwamnatin Faransa na lokacin, ya sake ɗaure shi da zinariya a watan Yunin 1928 a kan kashi ɗaya cikin biyar na darajarsa ta da. A gurbin wuri na rubuta Faransa, na ƙara Nijar. Abokin aikina, wanda aka ɗora wa duba katunan kowa, ya ce, "Malam, wannan ai tarihin Faransa ne zalla. Me ya kawo Nijar?" Ya nuna mini lambobin Dewey da ɗakin karatu ke bi, tarihin Faransa 944, Afirka ta Yamma 966, kuɗi 332.4, ya ce kowane abu da layinsa.

Na ce masa a 1928 Nijar tana ƙarƙashin mulkin Faransa, an ayyana ta yankin mallaka tun 1922, an ɗauke hedikwata daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Harajin da ake karɓa a hannun kakanninmu da faran ake karɓarsa, shi ne ma ya kori kuɗin wuri daga kasuwa. Tsabar azurfa ta faran 5 ita suka kira dala, har yau kuma da dala muke ƙirga. Duk abin da aka yi wa faran a Paris ya taɓa manomin gyaɗa a Tasawa, ko ya ji labari ko bai ji ba. Malamin da ke cike kati a Faransa in ya rubuta Faransa kaɗai bai yi ƙarya ba, daga inda yake zaune haka abin yake. Amma in ni ma na bi sahunsa, ɗalibina da ya rubuta Nijar a wurin nema ba zai taɓa cin karo da darasin ba, zai tashi yana zaton kuɗin ƙasarsa daga sama ya faɗo a 1945. Haka kuma ban yarda a tura darasin sefa ƙarƙashin Afirka kaɗai ba, kamar Faransa ba ta da hannu a ciki. Ƙa'idar kanta ta yarda a maimaita gurbin wuri, ta yarda a sa darasi a aji fiye da ɗaya. Bai gamsu gaba ɗaya ba, yana ganin in kowa ya yi haka nema zai cika da tarkace, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Muka tsaya a kan cewa za a ƙara Nijar ne kawai inda rubutun darasin da kansa ya nuna alaƙar. Wannan ya sa na koma na ƙara sakin layi a darussa da dama, kuma darussan sun fi kyau da haka.

Daga nan babin alaƙa ya zama abin da na fi so, domin da shi na jera sarƙar da nake son yara su gani. An ƙirƙiri sefa ranar 26 ga Disamba 1945, lokacin da Faransa ta shiga yarjejeniyar Bretton Woods kan tsarin kuɗin duniya ta kuma karya darajar kuɗinta, René Pleven yana ministan kuɗi. Aka ce sefa ɗaya faran 1.70 ce. A 1948 ta zama faran 2. A 1960 Faransa ta fito da sabon faran wanda ke daidai da tsoho 100, sai lissafi ya koma sefa 50 a faran ɗaya. A Dakar, ranar 11 ga Janairu 1994, aka sanar da karya darajar sefa da rabi, ta koma 100 a faran ɗaya. Da Yuro ya zo a 1999, aka tsayar da shi a kan faran 6.55957. Ninka wannan sau 100, sai ga 655.957, lambar da kowane ɗan canji a Maradi ya haddace. Ba wanda ya auna gero ko albasa ko yuraniyom ɗinmu ya fitar da ita. Lissafi biyu ne aka haɗa, ɗaya na Dakar, ɗaya na Turai. Kowane darasi na ɗaure shi da na gabansa da na bayansa, yadda yaron da ya buɗe na Yuro zai ga hanya har zuwa Germinal. A cikin bayani kuma na rubuta lambar da kalmomi, saboda Faransanci waƙafi yake sawa inda Ingilishi ke sa ɗigo, kada ɗan'uwanmu na Katsina ya karanta ta a matsayin dubu ɗari shida da wani abu.

Don darasin 1994 na je na ɗauki muryar wani dattijo, tsohon ɗan kasuwa, da izininsa. Ya ce tun watan Agustan 1993, da aka daina sayen takardun sefa da suka fita waje, su 'yan kasuwa suka san akwai magana a ƙasa. Ya ba da labarin yadda magani da kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabo, yadda mai bashin kaya daga waje ya kwana da bashi ɗaya ya tashi da biyu, da kuma yadda masu kai shanu da albasa gaɓar teku suka ga kasuwa ta buɗe musu. Cikin minti kaɗan ya bayyana abin da nake fama da shi a allo shekara da shekaru.

Da aka zo kati, sai ga tambaya: wane ne shi a wannan aiki? LOM tana da jerin matsayi, mawallafi, mai bugawa, edita, mai samar da abin ciki, masanin fanni da sauransu, kuma gurbin mutum an tsara shi ne kamar katin ofis, da wurin ma'aikata da adireshin imel. Dattijon ba shi da ko ɗaya. Abokin aikina ya ce a sa ni mawallafi, shi a sa shi mai samar da abin ciki. Ban yarda ba. Maganar tasa ce, tsarin labarin nasa ne, ni waya kawai na riƙe. Muka sa shi mawallafi, ni edita. Na koma gidansa na tambaye shi, "Baba, yaya kake so a rubuta sunanka?" Ya zaɓi laƙabin da kasuwa ta san shi da shi, muka rubuta haka, sauran guraben muka bar su.

Hajiya tana da doka, ba a rufe kati sai ɗalibi ya gwada nema. Muka kira wasu daga cikin waɗanda ke zuwa karatun hutu, muka ce kowa ya nemo darasin karya darajar kuɗi yadda ya ga dama. Na tsaya a bayansu ina kallon yatsu. Wata yarinya ta rubuta kudi, babu lanƙwasa a kan d, domin allon wayarta ba shi da harafin, na'ura ta ce babu. Wani ya rubuta sefa, wani CFA, wani jikka, wani ya rubuta kalmar Faransancin yadda kunnensa ya ji ta. Babu wanda ya rubuta kalmomin da ke cikin jerin batutuwa na hukuma. Yarinyar ta juyo ta ce, "Mushe, ko ba a sa shi ba ne?" Muka zauna a wurin muka ƙara duk abin da suka rubuta a gurbin kalmomin nema, mai lanƙwasa da marar lanƙwasa, har da tamma da tsofaffi ke cewa. Jerin hukuma yana nan a babinsa don masu ɗakin karatu, na yara kuma yana nasa wurin.

Bayan an buɗe makaranta, malaman wani gari suka nemi mu ba su darussan. Tsarinsu Dublin Core kaɗai yake karantawa, ita ce kuma ƙaramar ƙa'idar da hanyar musayar katuna ta OAI-PMH ta wajabta wa kowa. Da muka juya katunanmu zuwa gurabe 15, babin koyarwa kusan duk ya zube, babu aji, babu shekaru, babu tsawon lokaci. Sai muka koma muka sa aji da lokaci a layin farko na taƙaitaccen bayanin kowane darasi, domin shi wannan gurbi ba ya ɓata a hanya.

Darasi na ƙarshe shi ne na sauye-sauyen da shugabannin Kodebuwa da Faransa, Alassane Ouattara da Emmanuel Macron, suka sanar a Abijan a watan Disambar 2019: a daina ajiye rabin kuɗin ajiyar waje na BCEAO, babban bankin da ke buga sefarmu, a baitulmalin Faransa, wakilan Faransa su fita daga majalisun bankin, a kuma sauya sunan kuɗin zuwa eko. Biyun farko an yi su. Suna bai sauya ba, ɗaurin da Yuro yana nan a kan 655.957, maganar sabon kuɗi kuma tana ta yawo a Yamai da Bamako da Wagadugu. Gurbin halin da darasi ke ciki zaɓi huɗu ya bayar: daftari, kammalalle, gyararre, ko wanda aka janye. Sauran darussan duk kammalalle na sa musu. Wannan na sa masa daftari, a gurbin zamani na rubuta 2019 na ja layi ban rufe ba, muka kuma yi alkawari da Hajiya cewa kowane hutu zan buɗe shi in ƙara abin da ya faru.